Ofosum: dabbar da ake haifa tun ba ta gama halitta ba

Wannan ofosum ɗin, ba wata gafiya ba ce kawai?

Duk wanda ya ga hotonsa zai yi wannan zato: doguwar fuska mai tsini, wutsiya tsirara babu gashi, ga yawon dare. Amma kama da wane ba ta wane. Ofosum ɗan uwan kangaru ne, cikin dabbobin da ke renon 'ya'yansu a wata jaka da ke jikin cikin uwa, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa. Manyan cikinsu sun kai girman kyanwa. Haƙoransu 50, kuma babban yatsan ƙafarsu ta baya ba shi da farce, yana riƙe reshe kamar hannun mutum.

Iri nawa ne, kuma yaya masana suka kasa su?

Dangin gaba ɗaya, Didelphidae, ya haura iri 100, yawancinsu ƙanana kamar ɓera. Manyan su ne na rukunin Didelphis, sunan da masanin halittu Carl Linnaeus ya raɗa musu a 1758 daga kalmomin Girkanci masu nufin "mahaifa biyu". Iri shida ne. Uku masu farin kunne ne, suna Kudancin Amurka, ɗaya daga cikinsu a tsaunukan Andis. Akwai mai manyan kunnuwa a dazukan gabashin Burazil, akwai gama-gari daga Meziko zuwa Bolibiya. Na shida shi ne na Bajiniya (sunan wata jiha a ƙasar Amurka), wanda ya bazu daga Kosta Rika har kudancin Kanada, kuma shi kaɗai ne mai jaka a ƙasashen Amurka da Kanada.

Me ake nufi da cewa ana haifarsa bai gama halitta ba?

Nan ne abin mamakin yake. Cikin ofosum kwana 12 zuwa 13 ne kacal. Ɗan yakan fito bai wuce girman ƙudan zuma ba, jajir, babu gashi, babu ido, ƙafafun baya ma ba su gama fitowa ba. Hannuwansa kawai ke da ƙarfi, da su yake jan jiki ta cikin gashin uwar har ya faɗa jaka. Can zai tarar da nonuwa 13, sha biyu a zagaye, ɗaya a tsakiya. Da ya kama, kan nonon ya kumbura a bakinsa, ya maƙale ke nan har tsawon kusan wata biyu.

Matsalar ita ce uwa tana iya haihuwar 20 ko fiye a lokaci guda. Wanda ya makara bai sami nono ba, tasa ta ƙare. Waɗanda suka tsira, idan jaka ta yi musu kaɗan, sai su koma bayan uwar, ta riƙa yawo da su cunkus suna riƙe da gashinta.

Da gaske ne yana mutuwar ƙarya?

Da gaske ne, sai dai ba wayo ba ne, ba kuma da gangan yake yi ba. Da farko yakan buɗe baki ya nuna haƙora yana huci. In tsoro ya yi yawa sai jikin ya sandare, ya faɗi ta gefe, harshe waje, miyau na zuba, wani ruwa mai wari kamar mushe na fita ta bayansa. Yana iya ɗaukar mintuna, yana iya kai awanni. Dabarar tana cin kare da yanyawa, amma a kan titi gaban mota, ita ce ajalinsa.

Yana da haɗari ga mutum?

Ba sosai ba. Ciwon haukan kare bai cika kama shi ba, kuma jininsa na karya dafin wasu macizai, har cin su yake yi. Sai dai a Latin Amurka yana ɗauke da ƙwayar cutar Chagas, wadda wani ƙwaro mai shan jini ke kai wa mutane.

Shi ne fosum ɗin Ostareliya?

A'a. Wannan wata dabba ce mai jaka daban, Turawan da suka isa can ne suka ari sunan suka raɗa mata. Asalin kalmar daga harshen Powhatan ne na 'yan asalin Bajiniya.

Shekara nawa yake yi?

A daji da wuya ya wuce biyu, a hannun masu kiwo yakan kai huɗu. Waɗanda suka kutsa arewa kuwa sanyi na gana musu azaba, domin jikinsu na ƙasar zafi ne. Sau da yawa za ka ga ƙanƙara ta cinye musu gefen kunne da kan wutsiya.