Turbo a Injin Wankel na Jirgin Sama Ƙirar Gida

Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta danna wa injin iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa. Wasu masu ƙera ƙananan jiragen sama a gida, galibi a Amurka, kan ɗora ta a kan injin Wankel da suka ciro daga motocin Mazda. Dalilin shi ne iska na raguwa yayin da jirgi ke hawa. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, kuma a ƙafa 18,000 matsin iska kusan rabin na bakin teku ne.

Tarihi

Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar turbo a 1905. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya gwada ta a kan injin jirgi mai suna Liberty a saman dutsen Pikes Peak, mai tsayin sama da ƙafa 14,000, ya nuna za ta iya mayar wa inji ƙarfin da tsayi ya ƙwace masa. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Amurka irin su B-17 da P-47 da ita suka yi aiki.

Shi kuwa injin Wankel sunan Bajamushe Felix Wankel (1902–1988) ya ci. Samfurinsa na farko ya fara aiki a kamfanin NSU na Jamus a 1957. Curtiss-Wright na Amurka ya sayi lasisi a 1958, kuma wajen ƙarshen shekarun 1960 aka gwada injinsa a jirgin Lockheed Q-Star. Sai dai Mazda ne ya riƙe shi da gaske: ya karɓi lasisi a 1961, ya fitar da Cosmo Sport a 1967, sai RX-7 a 1978. Injin 13B, mai rota biyu da girman lita 1.3, ya samu turbo a RX-7 na tsakiyar shekarun 1980, sannan turbo biyu masu karɓa-karɓa a samfurin farkon shekarun 1990. Daga waɗannan motoci, da kuma RX-8 da aka daina ƙerawa a 2012, akasarin injinan Wankel da ke cikin jiragen gida suka fito.

Yanayin injin

Wankel ba shi da fiston, ba shi da bawul. Rota ce mai kusurwa uku ke zagayawa cikin akwati, tana buɗe kafofin shiga da fita tana rufewa, kuma kowane zagayenta ɗaya sandar injin ta juya sau uku. Tun da hayaƙin 13B ba ya ratsa bawul, yana fita da ƙarfi da zafi sosai, sau da yawa sama da digiri 870 a ma'aunin Salsiyos. Wannan hayaƙi abinci ne mai yawa ga turbo, amma kuma shi ke cinye ta.

Zaɓe

Turbon da ke zuwa tare da injin daga mota ita ce mafi sauƙin samu, kuma ita ce ta fi ba da matsala. An ƙera ta ƙarama domin ta amsa da sauri idan direba ya taka totur, sannan ta huta. Jirgi ba ya ba ta hutu. Injin kan yi sa'o'i yana juyi wajen sau 5,500 zuwa 6,000 a minti, giyar rage gudu na isar da ƙarfin ga farfela. Ga kuma lissafin tsayi: domin riƙe matsin inci 30, wato kimanin matsin bakin teku, a ƙafa 18,000, dole turbo ta ninka iskar waje sau biyu, alhali a ƙasa kusan ba abin da take yi. Ƙaramar turbo kan wuce iyakar gudunta a can sama har fikafikanta su karye. Shi ya sa ake fifita wadda ɓangaren hayaƙinta ke da faɗi, kuma akan duba taswirar aikin turbo da kamfaninta ya fitar a tabbatar aikin da za ta yi a sama yana cikin inda take da inganci.

Ƙofar rage hayaƙi, wadda ke karkatar da wani kaso daga turbo, ita ma abin lura ce. Ta mota ƙarama ce, matsi kan ci gaba da hauhawa ko da tana buɗe. Kuma tana auna matsi ne bisa iskar da ke kewaye, ba cikakken matsi wanda bai dogara da iskar waje ba kamar yadda na'urorin jirgin sama ke yi.

Rotocin injin turbo na Mazda suna matse iska 8.5 ko 9.0 bisa 1, na RX-8 kuwa 10 bisa 1. Saboda wannan ƙarin matsi, akwai saɓani kan ko ya dace a sa wa na RX-8 turbo.

Gudanarwa

Hanya biyu ce. Ko dai a riƙe matsin bakin teku kawai har zuwa sama, ko a ƙara a kansa don neman ƙarin ƙarfi. Ta farkon ta fi sauƙi ga injin, ko da yake iskar da aka matse tana zafi ko ta halin ƙaƙa, don haka na'urar sanyaya iska ta zama dole.

Babban abin tsoro shi ne fashewar mai kafin lokacinta. Sil ɗin da ke bakin kusurwoyin rota ba sa jure ta, kuma idan ɗaya ya karye, guntunsa kan bi hayaƙi ya faɗa cikin turbo ya lalata ta. Ana kare wannan da ƙara yawan mai a lokacin cikakken ƙarfi, da jinkirta tartsatsin fulogi, da amfani da fetur mai okten mai yawa. Fetur ɗin jirgi 100LL na da darma, kuma darmar kan taru a fulogi.

Bututun hayaƙi da baƙin ƙarfe marar tsatsa samfurin 321 ko Inconel, wani ƙarfe mai jure zafi, ake yin sa, a kare abin da ke kusa da shi daga zafi. Lagireto da na'urar sanyaya baƙin mai su ma sai an ƙara musu girma, domin a Wankel baƙin mai ne ke sanyaya rota daga ciki.

Doka

A Amurka irin wannan jirgi na ƙarƙashin rukunin gwaji na FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma inji marar takardar shaida kan buƙaci sa'o'i 40 na tashin gwaji kafin a ɗauki fasinja.