Waiwaye: Haruffan Didot da Bodoni, Masu Kauri da Siririn Zare

Duk wanda ya taɓa ganin bangon mujallar Vogue ya ga irin haruffan da ake magana a kai. Dubi V ɗin farko: hannunsa na hagu kakkaura ne kamar taɓarya, na dama kuwa siriri kamar zaren ɗinki. 'Yan layukan da ke kwance a bakin kowane harafi, waɗanda masu sana'ar ke kira serif, a miƙe suke sambal, babu wata lanƙwasa inda suka haɗu da jikin harafin. O kuma tsaye yake ƙyam, siririn wurinsa daidai tsakar ka da gindi. Tun 1954 ake kiran wannan dangi Didone, sunan da Bafaranshe Maximilien Vox ya haɗa daga Didot da Bodoni, sunayen wasu masu ɗab'i na Faransa da Italiya.

Kafin su, haruffan ɗab'i na Turai alƙalami suke kwaikwayo. Wanda ya yi karatun allo ya san yadda fiƙar bakin alƙalamin kara ke sa wani layi ya yi kauri, wani ya sirance, gwargwadon yadda aka karkata hannu. Wannan karkatar ce aka soma gudu a 1692, lokacin da Sarkin Faransa Louis na 14 ya sa aka tsara wa maɗaba'ar fadarsa sababbin haruffa. Kwamitin masana ya zana kowane babban harafi a kan murabba'i mai gidaje 2,304, kamar ana awon fili. An fara buga littafi da su a 1702.

Amma zane daban, bugu daban. Siririn layi ba ya fita a kan takarda mai kaushi, kuma takardar wancan zamani kaushi gare ta. John Baskerville, mai ɗab'i a Birmingham ta Ingila, ne ya shawo kan wannan. Ya gyara injinsa, ya haɗa tawada baƙa wuluk, yana kuma matse takardar da aka buga tsakanin faifan tagulla masu zafi har ta yi santsi. Littafin da ya fitar a 1757 bai burge 'yan ƙasarsa sosai ba, wasu ma cewa suka yi zai makantar da mutane. A Faransa da Italiya aka ga darajarsa.

A Faris, François-Ambroise Didot ya kawo irin wannan takarda mai santsi, ɗansa Firmin kuma ya sassaƙa haruffan da suka dace da ita wajen 1784, yana ɗan shekara ashirin. Giambattista Bodoni shi ma yana can Parma ta Italiya, inda aka ba shi maɗaba'ar fada tun 1768. A Rum ya koyi aiki, a maɗaba'ar coci da ke buga harsuna barkatai, har da Larabci, kuma son haruffan wasu al'ummu bai bar shi ba: a 1806 ya buga addu'a guda cikin harsuna 155. Ya rasu a 1813, matarsa Margherita ta ƙarasa babban kundin haruffansa, ta fitar da shi juzu'i biyu a 1818. A ganina hannun Bodoni ya fi taushi. Na Didot kamar an yanka su da reza.

Da kasuwa ta shigo, sai abin ya lalace. Ƙananan maɗaba'u suka riƙa buga kwaikwayon haruffan a takarda mai arha, siraran layukan suna karyewa, masu kaurin suna dabbarewa. A Landan kuma masu talla suka ƙara wa kaurin ƙiba har harafi ya koma kamar tulu. Ƙarshen ƙarni na 19 William Morris, mai zane kuma mai ɗab'i ɗan Ingila, ya yi musu kaca-kaca, yana ganin babu haruffan da suka kai na Bodoni wahalar karatu. Yana da 'yar gaskiya. Idan shafi ya cika da ƙananansu, layukan tsaye sai su yi wa ido kamar shingen kara, na kwance su ɓace.

Mujallun ado ne suka farfaɗo da su, musamman Harper's Bazaar zamanin da Alexey Brodovitch ke tsara shafukanta, daga 1934 zuwa 1958. Can akwai takarda mai sheƙi da manyan kanun labari, abin da haruffan ke so ke nan. Ɗaliban lissafi kuma suna tare da su ba su sani ba, domin salon haruffan Computer Modern da Donald Knuth ya yi wa TeX, manhajar tsara rubutun lissafi, ɗan gidan ne.

Wani abu da kwamfuta ta kusa mantar da mu shi ne, a da can kowane girma sassaƙarsa daban ake yi, ƙananan haruffa sai a ƙara wa siraran layukansu kauri. Yau zane guda ake ja a rage. Shi ya sa a katin gayyatar biki za ka ga sunan ango da amarya ya fito raɗau, adireshin da ke ƙasa kuwa sai an kanne ido. In kuma sunan yana da ƙ ko ɗ, sau da yawa salon ba shi da su, sai kwamfuta ta aro daga wani gida, harafin ya tsaya tsakiyar suna kamar baƙo a ɗaurin aure.