Waifai ba ya kaiwa ɗaki: amsar tambayoyin da kuke ta yi mini kan ƙara rauta a gida

Jama'a, jan kebul da haɗa waifai a gidaje da shaguna shi ne sana'ata a nan Kano, kuma wallahi tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mini kullum, a waya, a WhatsApp, har wajen ɗaurin aure sai mutum ya ja ni gefe ya ce malam waifai ɗina ba ya kaiwa ɗakin Hajiya. To ga su na tara wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Rauta ɗaya ba za ta ishi gidan duka ba?

Rauta dai ita ce akwatin da ke watsa waifai a gidan. In ɗaki biyu da falo ne za ta isa, ka dai fito da ita daga bayan talabijin ka ɗora ta sama. In bene ne ko gida mai sassa, ba za ta isa ba. Gininmu bulo ne da siminti, ga dekin cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, a cikin gari kuma ga katangar ƙasa mai kauri. Duk waɗannan cinye sabis suke yi.

To in sayi babba mai eriya da yawa?

A'a. Ko ta kai ɗakinka da ƙarfinta, wayarka ƙaramar murya gare ta, amsarta ba za ta dawo ba. Za ka ga sabis a cike amma hoto ya ƙi buɗewa. Abin da kake buƙata shi ne ƙarin akses foyin.

Mene ne ma akses foyin ɗin nan?

Na'ura ce da ke karɓar intanet ta kebul daga babbar rautarka ta watsa shi a matsayin waifai a inda ka kafa ta. AP muke ce masa a gajarce. Ba a sa masa sim, ba a biya masa wani data daban.

Zai ƙara mini gudun intanet?

Ba zai ƙara ba. Abin da ya shigo gidan shi zai raba. Ka tsaya kusa da rauta ka gwada gudun, in nan ma tafiyar hawainiya yake yi to matsalarka ba ta cikin gida ba ce.

Tsohuwar rautata da ke cikin durowa za ta iya wannan aikin?

Za ta iya, kuma ita nake fara cewa mutane su gwada kafin su kashe kuɗi. Da yawa cikin rautocin TP-Link da Tenda suna da wurin da za ka danna ta koma AP da kanta. In babu, ka shiga saitinta ka kashe DHCP, ka ba ta adireshi irin na gidan wanda babu mai amfani da shi, misali in babbar tana 192.168.1.1 ita ka ba ta 192.168.1.2, sannan ka jona kebul daga ramin LAN na babbar zuwa ramin LAN nata, wato ramukan kebul da ke bayan rauta, za ka ga an rubuta sunan a jikinsu. LAN na ce, ba WAN ba.

Maganar DHCP ɗin nan ina roƙonku ku riƙe ta. Shi ne mai raba wa wayoyi adireshi, kuma guda ɗaya tak ake so a gida. Wani gida na je a Hotoro, yaron gidan ya jona rauta ta biyu bai kashe shi ba, sati uku suna fama, wayar maigida ta yi aiki da safe da yamma ta ce an haɗu amma babu intanet, talabijin ya yi, firinta ta ɓace. Har sun fara shirin canza kamfani. Abu ɗaya na kashe a saiti, ko ruwan da aka kawo mini ban gama sha ba komai ya dawo daidai.

Rifita fa? Ai ta fi araha kuma babu jan kebul.

Na sani, shi ya sa kowa ita yake fara saye. Rifita, wato ƙaramar na'urar da ke kama waifai ta sake watsa shi, yawanci da rediyo ɗaya take saurare take kuma maimaitawa, don haka kusan rabin gudun ya tafi tun kafin ya iso gare ka. Sannan sai ku kai ta can ɗakin da sabis ya mutu ku jona, to me za ta maimaita? In dole sai ita, a tsakiyar hanya ake sa ta, inda sabis yake da ƙarfi tukuna.

Sashen Hajiya gini ne daban, tsakar gida ta raba mu. Ta ina zan kai mata, kebul, mesh, ko ta wayar wuta?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa a waya sai na zo na ga gidan da idona, saboda ya danganta da nisa, da abin da ke tsakani, da yadda aka ja wutar gidan, da kuma gidanka ne ko haya kake. Amma bari in faɗi yadda nake auna abin.

In da hali, kebul. Yana kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, kuma yawancin gidajenmu ko ka bi jikin katanga ka zagaya ba ka cinye wannan. Sai dai ba kebul ɗin cikin ɗaki za ka ɗauko ka rataya daga wannan rufin zuwa wancan kamar igiyar shanya ba. Ranar Afrilu da Mayu a Kano, da zafi ke haura digiri 40, za ta gasa robar ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya bi ciki. Wanda aka yi don jure rana da ruwa ake saye, baƙin nan mai taurin fata, a zura shi a fayif a binne ko a bi da shi gindin katanga. To ko an yi haka akwai sauran magana, wato tsawa. Kebul jan ƙarfe ne, in ya haɗa gini biyu, musamman in kowanne da nasa layin wutar, yana iya kwaso wuta ya zuba wa na'urorin. Na ga haka a wani gida a Rijiyar Zaki bayan wani ruwan Agusta, ramin LAN ɗin rautar ya yi baƙi ƙirin, robar kan kebul ɗin ta narke ta manne a ciki, ɗakin duk warin ƙuna. Ba kullum hakan ke faruwa ba, gidaje da yawa sun shekara da shekaru lafiya lau, kada ka tsorata. Amma in nisan da ɗan yawa ni nakan ba da shawarar a sa abin kariyar tsawa a bakin kebul ɗin ta ɓangare biyun, a kuma haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata, in ba a haɗa da ƙasa ba ado ne kawai. Wanda ya fi wannan kwanciyar hankali shi ne faiba, don ita zaren gilashi ce ba ta ɗaukar wuta sam, sai dai tana buƙatar ƙananan akwatuna biyu masu juya ta zuwa kebul, da mai aikin da ya iya haɗa bakinta.

In haya kake kuma mai gidan ya ce ba a fasa masa bango ba a tona masa tsakar gida, to sai mesh, wato na'urori biyu ko fiye da ke miƙa wa juna intanet ta iska ba da kebul ba, irin su TP-Link Deco. Yana yi, amma da sharaɗi, sai guda biyun suna kusan ganin juna. Wannan a bakin taga, wancan a bakin taga, bango ɗaya a tsakani ko babu. In akwai tankin ruwa a tsakiya, ko darbejiya mai duhun ganye, ko rumfar kwano da ake ajiye motoci, to gudun zai faɗi, wani lokacin ya yi da rana da dare in an rufe ƙofofin ƙarfe ya ƙi. Ragar sauro ta ƙarfe ma tana rage shi. Abin da nake so da mesh shi ne in daga baya ka samu damar jan kebul, yawancinsu sai ka jona kawai su koma bi ta kebul, kuɗinka bai tafi a banza ba.

In kuma nisan ya wuce na tsakar gida, misali gidan ɗanka ne a can ƙarshen fili, akwai na'urorin waje da ake kafawa biyu a sama suna kallon juna, irin NanoStation na Ubiquiti ko CPE na TP-Link. Su ma sai babu abin da ya tare tsakaninsu.

Na ta wayar wuta, wanda ake jonawa a soket nan da soket can, shi nake sa wa a ƙarshe. Yana son soket biyun su kasance kan layi ɗaya. Mu kuwa gida ɗaya za ka tarar da layi uku, ga canjoba, ga janareta, ga inbata da ke ba wa wasu ɗakuna kawai, ga sitabilaiza a ko'ina. Yana iya yi maka yau, gobe a juya canjoba ya ɗauke. Ban ce ba ya yi gaba ɗaya ba, na ga inda ya zauna lafiya, amma kada ka biya sai kun yi da mai shagon cewa in bai yi ba za ka dawo masa da kayansa.

Suna ɗaya zan sa musu ko kowanne da nasa?

Suna ɗaya, faswod ɗaya, tsaro iri ɗaya, WPA2 ko WPA3, sai waya ta riƙa komawa wanda ya fi kusa da kanta. Amma ka sani wayar ce ke yanke shawarar sauyawa, ba AP ba, shi ya sa za ka hau sama tana nan maƙale da na falo da sanda ɗaya. Maganinsa ka rage ƙarfin kowanne zuwa matsakaici, musamman na 2.4GHz (waifai zango biyu yake bi, 2.4GHz da 5GHz). Mutane ba sa son jin wannan, gani suke an rage musu wani abu, alhali in duk suna kan ƙarfin ƙarshe wayar ba ta ganin dalilin sakin na farko. Masu yawo suna kiran WhatsApp daga ƙasa zuwa sama su nemi tsari ɗaya irin Deco, Omada ko UniFi, su suna taimaka wa waya ta sauya da sauri.

Canel fa, in bar su duk a kan ɗaya?

Kada ka bari. Canel shi ne layin da waifai ke bi a iska, kamar tashar rediyo. A 2.4GHz uku ne ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11. Ka raba musu. A 5GHz wuri da yawa, kowanne ka ba shi nasa.

Wane kebul zan saya?

Cat6, ko Cat5e ma ya isa gigabit, amma ya zama jan ƙarfe zalla. Akwai wanda alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, CCA ake rubutawa a kwalinsa in mai shi ya yi gaskiya. In ka shiga Beirut Road ko Farm Centre ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere zare ɗaya ka kankare shi da reza. In ciki ya fito fari kamar cokali, ajiye musu. Shi ne yake karyewa a cikin bango bayan an gama fenti, kuma ba ya ɗaukar wutar PoE da kyau, wato wutar da ake tura wa AP ta cikin kebul ɗin. A silin ma a sa shi cikin fayif, ɓeraye ba su san ka kashe kuɗi ba.

Masu gini kuma, don girman Allah ku sa fayif ɗin kebul tun kafin a yi filasta da POP. Ɗaya zuwa silin falon ƙasa, ɗaya falon sama, ɗaya kowane sashe, duk su haɗu wuri ɗaya. Ina jin ciwo in ga sabon gida an gama shi tsaf sannan a kira ni in bi bango da roba.

Mifi gare ni, ko Starlink, zai yiwu?

Yawancin ƙananan mifi ba su da ramin LAN, sai ka koma babbar rautar 4G ko 5G mai rami a baya. Starlink kuma, wanda ya shigo Najeriya a 2023, rautarsa ta ƙarni na biyu ba ta da ramin sai ka sayi adafta daban, ta ukun tana da rami biyu. Juya bayanta ka duba.

Guda nawa zan saya?

Fara da ɗaya a kowane hawa ko kowane sashe. Ka sauke manhajar auna waifai a Android ka zagaya gidan, inda ka ga lambar ƙarfin sabis ta wuce -70 zuwa su -80 nan ne ke buƙatar ƙari. Cika gida da AP shi ma matsala ce.

In an ɗauke wuta fa?

Nan ne PoE ke da daɗi, wutar da intanet duk ta cikin kebul ɗaya suke tafiya, AP ɗin da ke silin ba ya buƙatar soket. Ka sayi suwic mai PoE, wato akwati mai ramuka da yawa da ke raba kebul zuwa kowane AP, ka ajiye kusa da babbar rauta, ka ɗora su biyun kan inbata ko ƙaramin UPS, duk gidan ya ci gaba da samun waifai ko da sashen Hajiya babu wuta. Ba su da cin wuta, irin PoE na 802.3af iyakarsa wat 15.4 a kowane rami. Ka dai duba kwalin AP ɗin kafin ka saya, wasu 802.3at suke so mai kai wat 30, wasu tsofaffin kuma nasu na bolt 24 ne daban, su sai da ɗan akwatin wutar da suka zo da shi.