Shekarar ƙarshe a sakandaren Amurka

A Amurka aji na goma sha biyu shi ne ƙarshen karatun sakandare, kwatankwacin aji shida na sakandare a Najeriya. Yawancin makarantun sakandare a can shekara huɗu ake yi, daga aji na tara zuwa na goma sha biyu, kuma 'yan ajin ƙarshe su ake kira siniya. Galibinsu 'yan shekara 17 zuwa 18 ne. Ana shiga zangon farko a watan Agusta ko farkon Satumba, a yaye su a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Kowane rukuni da shekarar fitarsa ake kiransa, misali 'yan ajin 2025, kuma sunan yakan bi mutum har tsufa.

Babu jarrabawar gama sakandare guda ɗaya da ƙasar duka ke rubutawa irin WAEC ko NECO. Harkar ilimi tana hannun jihohi da hukumomin gundumomi, shi ya sa ɗalibi yake samun takardar kammalawa ta hanyar tara darussan da jiharsa ta wajabta a tsawon shekara huɗun. Wasu jihohi, kamar New York, suna ƙara tasu jarrabawar. Saboda haka nauyin shekarar bai taru a mako biyu na jarrabawa ba. Ya bazu ne cikin jerin bukukuwa da taruka, tun daga buɗe makaranta har ranar yaye.

Neman jami'a

Watannin farko na cike takardu ne. Mai son jami'a yana rubuta jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT, wadda aka fara a 1926, ko ACT da ta biyo baya a 1959, ko da yake tun daga 2020 jami'o'i da dama sun daina tilasta su. Yana rubuta maƙala a kan rayuwarsa, ya nemi malamai su rubuta masa wasiƙar shaida, iyaye kuma su cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnatin tarayya. Amsoshi sukan iso a Maris da Afrilu, kuma 1 ga Mayu ita ce ranar da aka saba ɗalibi ya sanar da jami'ar da ya zaɓa. Wasu kuma aikin soja, koyon sana'a ko kwalejin shekara biyu suke nufa. Da zarar gurbi ya samu, kasala takan sauko wa ɗalibai da yawa, har Amurkawa suka yi mata suna kamar wata cuta, ciwon siniya. Jami'a tana da ikon janye gurbin idan maki ya faɗi warwas.

Taron makaranta

Ba kowace safiya ake jera ɗalibai a fili ba. Sanarwar yau da kullum ta lasifika ake yin ta, ɗalibai suna zaune a azuzuwansu, a nan ne kuma ake karanta alkawarin biyayya ga tuta, wanda Francis Bellamy ya rubuta a 1892, aka ƙara masa ambaton Ubangiji a 1954. Taron makaranta gaba ɗaya sai da dalili ake kiransa, a zauren taro ko a ɗakin wasanni: zaɓen shugabannin ɗalibai, ba da kyaututtuka, karrama tsofaffin sojoji kusa da 11 ga Nuwamba, ko jan kunne a kan tuƙi cikin maye.

Wanda ya fi kowanne hayaniya shi ne gangamin ƙarfafa gwiwa da ake yi kafin babban wasan ƙwallon Amurka, galibi ranar Juma'a. Kowane aji yana da ɓangarensa a kan benci, 'yan badujala suna kiɗa, ana gasar wane aji ya fi ɗaga murya. 'Yan ajin ƙarshe su ne masu gida a wannan rana. A wasan ƙarshe da za a buga a gida kuma akan kira sunan kowane ɗan wasa mai barin makaranta, ya ratso fili tare da iyayensa.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin waɗannan taruka shi ne yawan shari'o'in da suka haifar, domin a nan ne dokar makaranta take haɗuwa da 'yancin ɗalibi. A 1943 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a tilasta wa ɗalibi sara wa tuta ba, bayan ƙarar da wasu iyalai mabiya Shaidun Jehobah suka kai daga jihar West Virginia. A 1962 ta haramta addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati. A 1983 wani ɗan ajin ƙarshe a jihar Washington, Matthew Fraser, ya tsaya gaban ɗalibai kusan 600 yana tallata abokinsa da ke takara, ya cika jawabin da habaicin batsa. Makaranta ta dakatar da shi, maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 alƙalai bakwai cikin tara suka ba makaranta gaskiya. A 1992 kotun ta hana gayyato malamin addini ya yi addu'a a bikin yaye ɗaliban makarantar gwamnati, a 2000 kuma ta hana addu'a ta lasifika kafin wasan ƙwallo. Ɗalibi yana da damar yin ibadarsa shi kaɗai ko tare da abokansa. Abin da aka hana shi ne makarantar gwamnati ta jagoranci ibadar. Makarantu masu zaman kansu wannan hukunci bai shafe su ba.

Al'adu

A kaka ana bikin komowa gida, inda tsofaffin ɗalibai suke dawowa kallon wasa, a zaɓi sarki da sarauniya daga cikin siniyoyi. Akwai hoton siniya na musamman, da kundin shekara mai ɗauke da hoton kowa, wanda abokai suke rubuta wa juna saƙon bankwana a ciki. Zoben aji, wanda 'yan aji ɗaya suke sawa don tunawa da makarantarsu, ya samo asali daga kwalejin soja ta West Point a 1835.

Babban bikin bazara shi ne furom, liyafar dare da rawa cikin kayan alfarma a Afrilu ko Mayu. Bikin yana cin kuɗi: riga, tikiti, hoto, hayar mota. Ɗan talaka yakan ji jiki a nan, kuma abin a yaba ne cewa a garuruwa da yawa ana tattara riguna a raba kyauta. Yana kuma da tabon tarihi. A gundumar Wilcox ta jihar Jojiya, iyaye sun daɗe suna shirya liyafar farare daban, ta baƙaƙe daban, sai a 2013 ɗalibai da kansu suka haɗa ta farko da farare da baƙaƙe suka halarta tare. Haɗarin mota a lokacin bukukuwan yaye ya sa a jihar Maine aka fara shirya walimar kwana ba giya a 1980, tsarin da ya bazu zuwa sauran jihohi. Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 21 ba ya sayi giya.

Bikin yaye

Ɗalibai suna shiga a jere cikin alkyabba da hula mai kusurwa huɗu, ana kaɗa taken da Edward Elgar ya tsara a 1901, wanda aka fara jin sa a irin wannan biki a Jami'ar Yale a 1905. Ɗalibin da ya fi kowa maki shi yakan yi jawabin bankwana, na biyu ya yi na maraba. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hau dandamali ya karɓi takardarsa, sannan a juya tuntun hula daga dama zuwa hagu. Ga iyalan da ɗansu ne na farko da ya gama sakandare, musamman baƙin haure, wannan kiran suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma akan ji guɗa da tafi ko da shugaban makaranta ya roƙi a jira sai an gama. A 2020 annobar korona ta rushe furom da bikin yaye a yawancin makarantu. Wasu sun yi nasu ta intanet, wasu kuma suka jera motoci a harabar makaranta, ɗalibi ya miƙa hannu ta taga ya karɓi takardarsa.