Wa ya auna wutar da ta ƙera ƙarfe a cikin tauraro?

Mun kai gyaran hauya wajen maƙeri a nan Maraɗi, ni da ƙanena mai karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ana zuga wuta na ce masa ai ƙarfen da ke kan uwar maƙera a cikin taurari aka dafa shi. Ashe na tono wa kaina tambayoyi.

Yaya, wa ya je ya gani?

Ba kowa. Amma a 1987 wani tauraro ya fashe, masana suka yi watanni suna bin haskensa yana disashewa. Saurin disashewar ya zo daidai da na wani sinadari mai suna kobal-56, wanda rabinsa ke rikiɗa ya koma ƙarfe cikin kwana 77.

To me kuma ake aunawa a ƙasa?

Yawan haɗewar cibiyoyin ƙwayar zarra idan sun yi karo a wani ma'aunin zafi. Cibiyoyin nan ture juna suke yi, yawancin karon a banza yake tashi. Adadin da ya ci nasara shi ake ba kwamfuta ta lissafa abin da fashewar za ta haifar. In ya karkace, lissafin duka ya bi shi.

Na ji wasu ƙwayoyin zarrar ba sa kai daƙiƙa guda kafin su rikiɗa, yaya ake riƙe su?

Nan dabarar ta burge ni. Ba a riƙe su, jifa ake yi da su. A cibiyar bincike ta TRIUMF da ke Kanada, ana ƙera ƙwayar nan take, a cilla ta cikin iskar haidirojin. Na'urar DRAGON ta tsaya a gaba da maganaɗisu, tana shiƙa kamar mai raba gero da ƙaiƙayi, sai dai ita a cikin biliyoyi take neman guda. Amurka ma ta buɗe cibiyar bincike ta FRIB a Mishigan a 2022, inda ake samar da irin waɗannan ƙwayoyi.

Me ya kai wasu masanan yin gwajinsu a cikin dutse?

Gudun hayaniya. Ƙwayoyin da ke zubowa daga samaniya suna ruɗa na'ura, shi ya sa gwajin LUNA na Italiya yake ƙarƙashin dutsen Giran Saso mai kaurin mita 1,400.

Yuraniyom ɗinmu na Arlit fa?

Shi da zinariya sun fi ƙarfe nauyi, ba sa samuwa sai inda niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, ke kwarara kamar ruwan Agusta. A 2017 aka hango karon wasu matattun taurari biyu, haskensu ya nuna alamar irin wannan girki. Da yawa daga ƙwayoyin da ke kan wannan hanya har yau lissafi ake yi musu, ba a kai ga ƙera su ba.