Man zafi ba ya warkar da mura

Da hunturu ya shigo Argungu, man zafi yake ciniki a kemis. Mutane da yawa sun ɗauka kalmar "balm" da ke jikin gwangwanin tana nufin maganin da ke kashe cuta. Ba haka ba ne. A Turanci ma'anarta man shafawa mai ƙamshi da ke lafar da raɗaɗi, shi ke nan aikinsa.

Sinadarin mentol da ke cikinsa yana sa jijiyoyin hanci su ji sanyi, sai mutum ya zaci hancinsa ya buɗe, alhali toshewar tana nan. Mura kuwa ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, yawanci takan lafa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10.

Abin da ya fi damuna shi ne uwa ta lakato shi da yatsa ta cusa a hancin jariri, ko a narka shi a ruwan zafi a ba yaro ya sha. Don Allah iyaye mata a daina. Yawancin man zafi akwai kafur a ciki, kuma haɗiye shi na iya jawo wa yaro jijjiga. Babba ya shafa a ƙirji ko gaɓar da ke ciwo, ban da ido da buɗaɗɗen rauni. Yaron da bai kai shekara 2 ba kada a shafa masa.