Mene Ne Kundin Tafiyar da Gida?

Na fara jin wannan suna ne a bakin wata yayata da ke zaune a Jidda, ranar da na tambaye ta lambar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ta ce da 'yarta: “Ɗauko mini kundin gida a saman firij.” Yarinyar ta kawo wani fayil mai kaurin bango, irin wanda ake gani a ofisoshi, yayata ta buɗe wani shafi ta karanto mini lambar, tare da ranar da mutumin ya zo na ƙarshe da kuɗin da ya karɓa. Daga baya na ji wasu suna kiransa kundin tafiyar da gida, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu kuma suna cewa malaf ɗin gida, amma abin da ake nufi ɗaya ne.

Kundin tafiyar da gida fayil ne mai zobban ƙarfe da ake buɗewa a rufe, wanda ake jera takardu masu huji a cikinsa, an kasa su kashi-kashi bisa harkokin da gida ke gudana a kansu: abin da za a dafa a mako da cefanen da yake bukata, kuɗin da ke shiga da wanda ke fita, ranakun da takardun hukuma za su ƙare, magungunan tsofaffi da rigakafin yara, jadawalin makaranta, da lambobin mutanen da ake nema idan wani abu ya lalace. Aikinsa shi ne ya kwashe sanin da ke cikin kan mutum ɗaya, wanda galibi uwargida ce, ya ajiye shi a inda kowane baligi a gidan zai iya kai hannu ya duba ba tare da ya tashe ta daga barci ba.

Kalmar kundi ta dace da wannan abu fiye da littafi, kuma dalilin yana cikin tsohuwar ma'anarta. Kafin a fara cewa kundin tsarin mulki ko kundin digiri, Bahaushe ya san kundi a matsayin tarin takardun malami, inda yake adana addu'o'i da fa'idoji da abin da ya kwafo daga malamansa. Ba a ɗinke irin waɗannan takardu, warwara ake barinsu a tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata a sa a gafaka, kamar yadda ake yi wa Alƙur'anin da mahaddata ke rubutawa da hannu, domin a iya zare 'yan warƙoƙi a yi amfani da su a mayar. Wannan siffa ta zarewa da mayarwa ita ce ta bambanta kundin gida da littafin rubutu na 'yan makaranta. Shafin abincin makon jiya ana cire shi a sa sabo, shafin lambobin waya kuwa yana iya shekara uku a wurinsa. Shi kansa fayil mai zobba wani Bajamushe ne mai suna Friedrich Soennecken ya ƙirƙiro shi a birnin Bon a 1886. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan rubutu na nan Saudiyya mai zobe biyu ne ko huɗu, kuma an yi shi ne don takardar A4, saɓanin na Amurka mai zobe uku da gajeriyar takarda, abin da ya sa shafukan da ake saukowa da su daga intanet sau da yawa ba sa zama daidai idan an buga su a nan.

Ya kamata a raba shi da abubuwa biyu da ake yawan haɗa shi da su. Littafin lissafin kuɗi kashi ɗaya ne kawai daga cikin kundin. Jakar da ake adana fasfo da takardar aure da takardun haihuwa kuma wurinta daban, cikin akwati mai makulli. Abin da ke shiga kundi shi ne ranar da fasfon zai ƙare da kuma inda aka ajiye shi. Haka nan ba a rubuta lambar sirrin katin banki ko ta shiga Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, a cikinsa, domin abin da ke zaune a saman firij kowa yana iya buɗe shi, har da baƙon da ya shigo neman ruwa.

Kashin abinci shi ne wanda aka fi buɗewa, kuma a nan ne gidan Bahaushen Hijaz ya sha bamban da gidajen da aka tsara shafukan intanet dominsu. Tukunyarmu a nan ƙafa biyu take tafiya da su. Yaran da aka haifa a Makka ko Madina sun tashi da ful da tamis da safe, da kabsa da rana, ga shawarma da burasta da suke roƙo a ƙarshen mako, alhali kakarsu ba ta ganin ta ci abinci idan ba ta ga tuwo da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ba. Shinkafa da kaza da laban ana samunsu a kowace baƙala, wato kantin unguwa, ko da tsakar dare ne. Daddawa da kuka da yajin ƙuli da man shanu na gida kuwa yawanci sai an jira wani ɗan'uwa mai zuwa Umara ko aikin Hajji, ko kuma a saye su da tsada a wurin matan da ke sayar da kayan miyar gida. Saboda haka shafin kayan abinci a irin wannan gida ya kan kasu biyu, na abin da ake saye duk mako da na abin da ake jira, kuma na biyun ne ya fi bukatar rubutu, domin shi ne ke gaya wa mutum tun watanni biyu kafin zuwan alhazai me zai aika a taho masa da shi, kuma mudu nawa.

Na ga yadda yayata ta tsara nata. Takarda ce guda, an ja mata layi bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar, domin makon aiki da na makaranta a nan Lahadi yake farawa tun da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a 2013. A gaban kowace rana ta rubuta abincin da za a ci kawai, da fensir. A layin Talata an rubuta “tuwon shinkafa, kuka, a fito da nama daren Litinin”, a layin Laraba kuma “ɗumame da safe, kabsa da rana”. Layin Alhamis babu komai a cikinsa sai kalma ɗaya, “ragowa”, wato ranar da ake cinye abin da ya taru a firij kafin cefanen Juma'a. Wannan layi na Alhamis shi ne ya fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa ganin yawan shinkafar da ake zubarwa bayan walima a wannan ƙasa ya san cewa dafawa ba ta yi mana wuya, cinyewa ce ke gagararmu. A ƙasan takardar ta rubuta wa 'ya'yanta ƙa'ida guda, cewa dafaffiyar shinkafa ba ta wuce awa biyu a waje kafin a sa ta a firij, kuma duk abin da aka sa a firiza a rubuta masa kwanan wata a jikin leda. A zafin Jidda wannan ƙa'ida ba ƙaƙale ba ce.

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, shafin abinci yana bin ranakun girki, kuma rubuta abin da ya rage a sito a wuri guda yana rage ƙorafin wace ce ta ƙarar da mai. A gidan da maigida ke yin cefane da kansa, kamar yadda aka saba a al'adarmu, takardar cefane da aka ciro daga jadawalin mako ta fi kiran waya uku da ake yi masa yana tsakiyar kasuwa.

Sai kuma azumi da lokacin Hajji, waɗanda kowannensu ya cancanci kashi nasa. Jadawalin watanni goma ba ya aiki a Ramadan, lokacin da shoraba da sambusa da ƙosai da kunun tsamiya ke maye gurbin abincin rana, kasuwa kuma ta koma ta dare. Gidan da ke Makka ko Madina ya san cewa daga shigowar azumi har alhazai su watse ba ya rabuwa da baƙi, ɗan ƙanen baba ne ko surukin maƙwabcin da aka bari a Kano ko Damagaram, kuma ba a tambayar baƙo kwana nawa zai yi. Abin da kundi ke iya yi shi ne ya riƙe tarihin bara: buhun shinkafa nawa aka ci, tukunyar gas nawa aka canza, katifa nawa aka aro kuma daga gidan wa. A nan ma ake rubuta adadin mutanen da za a fitar wa zakkar fidda kai, wadda a nan aka saba aunawa da shinkafa kimanin kilo uku ga kowane mutum.

Kashin da ya fi kowanne tsada idan aka yi sakaci da shi shi ne na kwanakin wata, domin a Saudiyya mutum da kalanda biyu yake rayuwa. Ibada da bukukuwan Salla suna bin kalandar Hijira ta Ummul Ƙura, wadda shekararta ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, amma albashin ma'aikatan gwamnati ya koma bin watannin Miladiyya tun 2016. Wanda ya riƙe a kansa cewa wata takarda tana ƙarewa “bayan Babbar Salla” zai iya samun kansa a makare, domin Sallar tana ƙara zuwa da wuri duk shekara. Don haka kowace rana mai muhimmanci a rubuta ta da kalandar biyu, gefe da gefe. Ga wanda ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, wannan shafi yana ɗauke da ranar ƙarewar iƙamar kowane mutum a gidan, da ta fasfonsa, da ta inshorar lafiya, da ta bizar fita da dawowa idan akwai mai tafiya. Jinkirin sabunta iƙama yana jawo tarar riyal 500 a karon farko, ta ninka a karo na biyu. Ga kuma kuɗin da ake biya kan iyalan baƙi mazauna ƙasa, wanda ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a Yulin 2017, ya riƙa hawa har ya kai 400 a Yulin 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku a ƙarƙashinsa yana fuskantar riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, kuma irin wannan kuɗi ba a wayi gari a neme shi rana ɗaya, sai dai a riƙa ware shi wata-wata, a rubuta abin da aka ware. Hausawan da suke 'yan ƙasa ba su da wannan nauyi, amma kuɗin haya da na wuta da harajin kashi 15 cikin ɗari da ke kan kayan masarufi tun Yulin 2020 bai bar kowa ba.

Shafin farko na kundin, wanda ake gani da an buɗe bango, na lambobin gaggawa ne: 911 a yankin Makka, 997 na motar asibiti, 998 na 'yan kwana-kwana, 937 na neman shawarar likita daga Ma'aikatar Lafiya, sai adireshin gidan a rubuce da Larabci yadda yaro zai iya karanta wa mai amsa waya.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce tun da waya tana yin komai, Absher yana turo saƙo kafin takarda ta ƙare, kuɗin wuta ana biya ta tsarin biyan kuɗi na SADAD, alƙawarin asibiti yana cikin manhajar lafiya ta Sehhaty. Gaskiya ne, amma duk waɗannan suna cikin wayar mutum ɗaya, a bayan lambar sirrinsa ko zanen yatsansa. Lokacin da yayata ta kwanta asibiti kwana biyar wajen haihuwa, mijinta ya kira ta a daren farko yana tambaya: “Maman yara, maganin hawan jinin Hajiya, na safe ne ko na dare?” Ta ce masa: “Alhaji, duba kundi, kashi mai launin kore, shafi na biyu.” Bai sake kiranta kan sha'anin gida ba sai a rana ta huɗu, da gas ya ƙare, kuma ko a nan lambar mai kawowa tana ciki, shi ne bai duba ba. Surukarta, wadda ba ta karanta boko, an rubuta mata sunayen magungunanta da ajami a gefen shafin, abin da babu wata manhaja da za ta yi mata.

Inda na ga kundi yana mutuwa shi ne inda aka mayar da shi kayan ado. Ana sayen takardu masu furanni da alƙaluma kala goma, a buga shafuka hamsin da wata baiwar Allah ta tsara don gidanta a Amurka, har da jadawalin yankan ciyawar ƙofar gida, a cike su cikin ɗoki a mako na farko, a mako na uku kuma kundin ya koma ƙarƙashin tarin jaridu. Wanda ya daɗe a hannun yayata bai kai shafi ashirin ba, bangonsa ya sha maiƙo, kuma an sa kowace takarda a cikin leda mai huji saboda tururin kicin. Ta fara shi ne da shafi uku, na abinci da na kwanakin wata da na lambobi, sauran kuma sun shigo ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka nemi wani abu aka rasa. Daren Alhamis, bayan sallar isha'i, take zama da shi kamar minti ashirin, ta goge layukan makon da ya wuce, ta leƙa firiza da sito, ta tambayi yara abin da suke marmari, ta cike layi shida ta bar na Alhamis, sannan ta zare takardar cefane ta ajiye wa maigida kusa da makullin mota.